Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Malami da Koyon Kiɗa Bayan Shekara Arba'in

Jawabin da wani malamin firamare ya gabatar a madadin 'yan uwansa, a taron ƙarshen zango na Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, reshen Shagari



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu har muka ga ƙarshen wannan zangon karatu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Malam shugaban reshe, malam sakatare, iyayenmu da suka ajiye alli bayan dogon aiki amma ba su daina halartar taronmu ba, shugabannin makarantu, malamai maza da mata, da iyalanmu da suka rako mu, muna yi muku barka da zuwa.

Bisa al'ada, idan muka haɗu a irin wannan zaure, maganar albashi ce da ƙarin girma da kuɗin hutu da fansho ke cinye lokacinmu, kuma sun cancanci su cinye shi, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yau mun roƙi shugabanni su ara mana ɗan lokaci a kan wani batu dabam. Da yawa daga cikinku sun ji labarin cewa wasu malamai na wannan reshe, mu shida, waɗanda ƙaraminmu ya haura shekara arba'in, mun haɗa kuɗi ta hanyar adashi mun sayi jita ta gwanjo, daga baya muka ƙara da gurmi, muna haɗuwa kowace Alhamis bayan sallar la'asar muna koyon kaɗawa. Labarin ya zaga Shagari, ya kai Yabo, ya kai Bodinga, kuma kamar kowane labari, ya yi ƙiba a hanya. Wasu sun yi dariya, wasu sun yi mana nasiha, wasu kuma sun ja mu gefe sun tambaya a asirce ko akwai sauran wuri. Mun ga ya dace mu tsaya gaban 'yan uwa mu faɗi dalilinmu da bakinmu, don waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Magabata sun bar mana karin magana biyu da suke kamar suna ja-in-ja. Sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sun kuma ce gemu ba ya hana ilimi. Mu malaman firamare da ta farko muke cin abinci, ita muke faɗa wa iyaye idan muna roƙon su kawo yara makaranta da wuri. Ta biyun kuwa mukan ajiye ta don ajin yaƙi da jahilci, mu faɗa wa tsofaffin da suka zo koyon baƙi da wasali, sa'an nan mu koma gida ba tare da mun tambayi kanmu ko ta shafe mu ba. Mu duba gaskiyar lamari. Yawancinmu, tun ranar da muka karɓi takardar shaidar malanta daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, ba mu sake zama gaban wani muna koyon abin da ba mu san ko farkonsa ba. Mun halarci bitoci, amma bita ƙari ce a kan abin da mutum ya riga ya sani. Shekara ashirin muna tsaye a gaban allo, mu ne masu tambaya, mu ne masu amsa, mu ne masu jan biro. Wanda ya daɗe a wannan matsayi yakan manta ɗanɗanon rashin sani, kuma malamin da ya manta wannan ɗanɗano ya rasa rabin sana'arsa.

Bari mu ba ku labarin abin da jita ta yi mana. Kayan kiɗa ne mai tsirkiya shida, da dogon wuya wanda aka gitta wa siraran ƙarafa. Hannun hagu ke danne tsirkiya a tsakanin ƙarafan nan, hannun dama kuma ya kaɗa. A ido abu ne mai sauƙi. Amma makon farko kan yatsun hagu ciwo suke kamar an taɓa garwashi, sai bayan mako uku ko huɗu fata ta yi kanta sa'an nan ciwon ya lafa. Kafin a kaɗa komai sai an saita tsirkiyoyin shida, kowace da muryarta, kuma zafin ƙasarmu da bushewar hunturu suna kwance saitin kusan kullum. Bayan haka sai a koyi kamu, wato yadda yatsu uku za su danne wurare uku a lokaci guda don muryoyi su haɗu su ba da amo ɗaya mai daɗi. Kamu ɗaya ba wuya. Wahalar tana wajen sauyawa daga wannan kamu zuwa wancan ba tare da kiɗan ya yanke ba. Kai ya gane, ido ya gani, kunne ya ji inda ya kamata a je, amma yatsa ya ƙi tafiya. A nan ne mutum mai 'ya'ya bakwai, wanda ake tashi tsaye idan ya shiga aji, zai ji gumi na keto masa saboda ƙaramin yatsansa ya ƙi bin umarni.

Wanda ya fara koya mana wani matashi ne mai yi wa ƙasa hidima da aka turo ɗaya daga cikin makarantunmu, yaron da a haife wasunmu sun haife shi. Yakan ce, "Baba, a sake." Mu sake. Ya ce, "Baba, a hankali, ba tsere ake yi ba." Mu rage sauri. Bai taɓa ɗaga mana murya ba, bai taɓa cewa ga wane ya iya kai ka kasa ba. Idan ɗayanmu ya yi kamu ɗaya daidai bayan kuskure goma, wannan ɗayan yake yabawa. A wannan zama ne muka fahimci halin da yaro ɗan aji ɗaya yake ciki ranar da aka damƙa masa fensir aka ce ya rubuta harafin da ke da lanƙwasa. Shi ma kansa ya gane, idonsa ya gani, yatsunsa ne ba su saba ba. Abin da yake bukata maimaici ne, da lokaci, da wanda ba zai kunyata shi gaban 'yan uwansa ba. Duk mun karanta wannan a darasin sanin halayyar yara a kwaleji, mun rubuta shi a jarrabawa mun ci. Amma karatun takarda dabam, abin da ya shiga ta kan yatsa dabam.

Mun kuma koyi cewa minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku a rana ɗaya. Wanda ya ɗauki jita kowace rana na ɗan lokaci yakan wuce wanda ya bari sai Alhamis ya zo ya yi ta fama har magariba. Wannan ya sa wasunmu suka sauya yadda suke ba da aikin gida da yadda suke bitar karatu: kaɗan kaɗan, kullum, maimakon tari guda ranar Juma'a. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga masu cewa ƙwaƙwalwar babba ta riga ta daskare, masana sun gano akasin haka. A shekarar 2000, wata mai bincike a birnin Landan mai suna Eleanor Maguire da abokan aikinta sun auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin, waɗanda ake tilasta wa haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi. Sun tarar cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai kula da sanin wurare ya fi girma a wurinsu, kuma girman yana tafiya da yawan shekarun da mutum ya yi a kan aikin. Waɗannan direbobi da girmansu suka koyi sana'ar. Gaskiya ne yatsun yaro sun fi namu laushi, kuma ya fi mu lokaci. Amma babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san dalilin da ya sa yake koyo, ya san haƙuri, kuma kunnensa cike yake da kiɗan da ya sha ji shekara arba'in.

Wannan ya kawo mu ga batun kunne, domin kafin hannu ya kaɗa sai kunne ya ƙoshi. 'Yan uwa, mu tuna ƙasar da muke zaune a cikinta. Tsohuwar lardin Sakkwato ita ce ta ba Hausa mafi yawan manyan makaɗan fada. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa da kotso, har yau jami'o'i suna nazarin hikimarsa. Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da sarakuna da manoma. Aliyu Ɗandawo asalinsa mutumin Shuni ne, nan kusa da mu. Ɗan Anace kuwa ya mayar da filin dambe makarantar falsafa, duk wanda ya ji yadda yake zuga Shago ya san haka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin da yawa daga cikinsu a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa, kuma ya kamata kowace makaranta ta mallaki kwafi.

Waɗanda suka haura arba'in a wannan zaure sun riski wutsiyar wancan zamani. Mun ga gangar noma a gayya, inda makaɗi ke bin bayan manoma kuyya kuyya, saurayi ya ji an kira sunan kakansa ya ƙara duƙawa. Mun ga kokawa bayan kaka, da kalangun mahauta ranar kasuwa, da tambura da kakaki da algaita ranar hawan Salla. Wasunmu sun je Argungu lokacin bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934, sun ji yadda ganguna ke tashi daga cikin jiragen ruwa. Wanda ya tsaya kusa da makaɗi ya san akwai abin da rediyo ba ya iya ɗaukowa. Kalangu yana magana ne, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, makaɗi yana matse tsarkiyar kalangu a hammata yana sassautawa, murya ta hau ta sauka kamar ta mutum, har wanda ake kira ya waiwayo. Mawaƙi yana kallon fuskokin jama'a, ya ga wanda ya shigo, ya saƙa sabon ɗan waƙa nan take, 'yan amshi su karɓe su mayar da shi ga gindin waƙar. Waƙar da aka yi daren jiya ba ita za a yi yau ba, ko da sunanta ɗaya. Mai sauraro ma yana da hannu a cikinta, da tafinsa da guɗar mata da shirun da ake yi idan magana ta yi nauyi.

Yau fa? Yawancin bukukuwanmu an sallame su ga mai kwamfuta da manyan lasifikoki. Waƙar da ake ji an haɗa ta ne a sitidiyo, na'ura ta yi kiɗan, na'ura ta gyara muryar. Ba mu raina masu wannan sana'a ba, a cikinsu akwai masu basira, kuma 'ya'yanmu ne. Matsalar tsaro ma ta rage tarukan dare a sassa da yawa na jiharmu da maƙwabtanta. Amma sakamakon shi ne muna da ɗalibai a aji shida waɗanda ba su taɓa ganin hannun mutum yana fitar da kiɗa daga fata ko tsirkiya ba. A wurinsu kiɗa abu ne da ke fitowa daga waya, kamar yadda wasu yaran birni suke zaton daga leda madara take fitowa. Tsofaffin makaɗan ƙauyukanmu suna rasuwa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun koma acaba da ci-rani, kayan kiɗan suna rataye a zaure gara tana ci.

Wannan tunani ne ya sa ba mu tsaya a kan jita kaɗai ba. Mun nemi wani dattijo a wani ƙauye da ke gefen madatsar ruwan Shagari, wanda ya kaɗa gurmi tun yana saurayi, muka roƙe shi ya karɓe mu almajirai. Da farko ya ɗauka ba'a muke yi. Da ya ga mun cire takalma mun zauna a ƙasa, sai ya shiga ɗaki ya fito da gurminsa. Tsirkiya biyu ce kawai a kan ƙoƙo da aka rufe da fata, babu ƙarafa a wuyansa da za su nuna wa yatsa wurin tsayawa, kunne ne jagora. Ba ya bayani da baki kamar yadda muke yi a aji. Yakan kaɗa, mu kwaikwaya, ya girgiza kai, ya sake kaɗawa. A hannunsa muka gane cewa yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan muryoyi biyar yake tafiya, kuma waɗannan muryoyi biyar suna nan kwance a wuyan jita, sai dai a neme su. Ranar da ɗayanmu ya fitar da karin gurmi a kan jita, dattijon nan ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce ashe baƙuwar ma tana jin Hausa.

Ba mu ne farkon gano haka ba. Ali Farka Toure na ƙasar Mali, manomi daga garin Niyafunke a bakin kogin Kwara, da kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara, daga baya ya ɗora karin ƙasarsu a kan jita, har ya ci lambar yabo ta Grammy a Amurka kafin rasuwarsa a 2006. A Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, yau yana zaga duniya da kiɗan Abzinawa. A gida kuma, Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa talaka da ɗan ƙwadago da ma'aurata wa'azi shekaru da dama, duniya ta saurare shi. Yawan tsirkiya ba shi ne kiɗa ba.

Amma misalin da ya fi kusa da zuciyarmu shi ne na Malam Mamman Barka na Nijar, domin abokin aikinmu ne. An haife shi a Tesker a ƙarshen shekarun 1950, ya yi aikin koyarwa a makaranta, shi ya sa har ya bar duniya ana kiransa Malam. Ya yi suna da gurmi, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasarsu, kuma da yawa daga cikinmu sun ji shi a rediyo. A shekarar 2002, lokacin da ya riga ya haura arba'in kuma sunansa ya kai ko'ina, sai ya sami tallafin hukumar UNESCO ya tafi bakin tafkin Chadi wurin wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe da ya rage a kiɗan biram. Biram kayan kiɗa ne na Buduma masunta, mai tsirkiya biyar, siffarsa kamar jirgin ruwa. Mutumin da ake tafa wa a manyan zauruka ya koma ya durƙusa gaban tsoho ya zama ɗan koyo. Bayan rasuwar tsohon, Malam Mamman Barka ne ya ɗauki biram ya kai shi Turai da sauran ƙasashe, har Allah ya karɓi ransa a watan Nuwamba na 2018. Da ya ce girma ya hana shi zama almajiri, da an binne biram tare da Bukar Tar.

Yanzu bari mu zo ga nasihohin da aka yi mana, domin ba mu ɗauke su da wasa ba. Ta farko ta addini ce. Muna zaune ne kusa da Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya karantar, da Bodinga, inda ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna. Shugabannin jihadi sun yi rubutu suna sukar kiɗan da ke tara maza da mata wuri ɗaya, da wanda ke shagaltar da mutane daga ibada, da roƙo da zambo, kuma sun fi tsanantawa a kan kayan tsirkiya. Malaman Musulunci tun da daɗewa sun yi saɓani a kan wannan mas'ala, wasu sun hana, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Mu malaman boko ne, ba mu zo nan don ba da fatawa ba, kowa ya koma ga malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Abin da muka yi shi ne mun gindaya wa kanmu dokoki: kiran salla yana yanke kiɗa ko a tsakiyar kamu ne, ba batsa, ba zambo, ba roƙo, ba karɓar liƙi, ba zaman dare. Ɗan uwan da ya zaɓi ya nisanci tsirkiya gaba ɗaya muna girmama shi, kuma saƙonmu bai bar shi a baya ba. Ya koyi rera rubutacciyar waƙa da karinta, ko rubutun ajami mai kyau, ko ɗinkin hula, ko Faransanci. Abin nema shi ne ya sake zama ɗan koyo a wani fanni.

Nasiha ta biyu ta mutunci ce. An ce mana kiɗa sana'ar gado ce, ta maroƙa, bai kamata malami ya zubar da girmansa ba. Muna tambaya cikin ladabi: mutanen da muke kunna waƙoƙinsu a Rediyon Rima muna gyaɗa kai, muna tsinto karin magana daga bakinsu muna koya wa yara, 'ya'yanmu suna rubuta kundin digiri a kansu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yaya za mu sha romon hikimarsu sa'an nan mu ƙyamaci ƙwaryar da aka zubo ta? Mu ba roƙo muke koyo ba, kuma ba mu yi niyyar ƙwace wa kowa sana'a ba. Hasali ma, duk wata mukan haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa mu kai wa dattijon da ke koya mana, a matsayin haƙƙin malami, kamar yadda muke neman a ba mu namu. Kuma ga 'yan ƙungiya, ga wani abin tunawa: shugaban farko na wannan ƙungiya tamu da aka kafa a 1931, Rabaran Israel Ransome-Kuti na Abekuta, ɗan mai tsara waƙoƙi ne, kuma shi ne mahaifin Fela. Ƙungiyar malamai ba baƙuwar kiɗa ba ce tun daga tushenta.

Mu dawo gida Shagari. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne kamarmu, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya shugabanci makaranta a Argungu. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya, ya zuba labarin ƙasa da tarihi cikin baitoci don yara su rera su haddace. Kafin shi da kusan ƙarni guda, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara waƙoƙi ta damƙa wa jajis, mata manya masu shekaru, su haddace su kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Duka biyun sun san abin da kowace uwa mai raino ta sani, cewa abin da aka rera ya fi abin da aka faɗa zama a zuciya. A yau manhajar ilimin bai-ɗaya ta tanadi darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, kuma kiɗa da waƙa suna cikinsa. Amma yaya ake koyar da shi a yawancin makarantunmu? A zana ganga a allo, a rubuta sunanta a ƙasa, yara su kwafa, a yi jarrabawa. Tamkar a koya wa yaro iyo ne a kan tabarma. Tun da muka fara wannan koyo, wasunmu sun shiga amfani da tafi wajen raba gaɓoɓin kalma, yara su ji bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, da dogon wasali da gajere. Wasu sun ɗora jadawalin sau a kan kari mai sauƙi. Malamai mata kuwa sun fi mu jari a nan, domin waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa, da kiɗan ƙwarya da shantu, duk a hannunsu suke, sai dai ba a taɓa ce musu wannan ilimi ne da ya cancanci shiga aji ba.

Akwai kuma amfanin da ya shafi lafiyarmu da gidajenmu. Aikin nan namu yana cin rai. Aji mai yara fiye da yadda ido zai iya ƙirgawa, haƙƙoƙin da kan makara, bashin mai shago, duk malami yakan kwaso su ya kawo gida, iyali su sha ɗacin abin da ba su suka dafa ba. Rabin awa da mutum zai zauna da abin da ke neman dukkan hankalinsa yana sauke wani kaso na wannan kaya. Matan wasunmu da suka fara da tsokana, yanzu su ke tuna mana idan ba mu yi bitar yini ba. 'Ya'yanmu sun ga ubansu yana kuskure, yana sakewa, bai fasa ba, kuma wannan darasi ne da ba a iya bayar da shi da baki. Sa'an nan mu tuna da gobe. Dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki, amma ko an jima ko an daɗe ranar ajiye alli tana zuwa. Mun ga iyayenmu da suka yi ritaya suka rasa abin yi da wuni, kaɗaici ya tsufar da su kafin lokaci. Guzurin wannan rana ba fansho kaɗai ba ne, kuma tun yanzu ake haɗa shi.

Saboda haka muna gabatar wa reshe shawarwari uku. Na ɗaya, kowace makaranta ta binciko makaɗan gargajiya da masu waƙar baka da suka rage a yankinta, a rubuta sunayensu da irin kayan da suke kaɗawa, a ɗauki muryarsu ko da da waya ne, da izininsu, a nemi hanyar ajiye kwafi a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Na biyu, sau ɗaya a zango, da yardar shugaban makaranta da kwamitin iyaye, a gayyato ɗaya daga cikinsu da rana ya nuna wa yara yadda ake haɗa kayan kiɗa da yadda ake kaɗa shi, a kuma sallame shi da mutunci. Na uku, reshe ya ware awa ɗaya a wata don malamai su koya wa juna duk wata fasaha da Allah ya hore wa ɗayansu, ta kiɗa ce ko ta hannu ko ta harshe, babba ya zauna gaban ƙarami ba tare da jin nauyi ba. Duka ukun ba sa bukatar a jira kasafin kuɗin kowa.

Mu shida ɗin nan har yanzu 'yan koyo ne, kuma babu wanda zai gayyace mu biki. Amma ƙofarmu a buɗe take kowace Alhamis bayan la'asar, ga mai son koyo da mai son saurare kawai. Jita ɗaya ce, gurmi ɗaya ne, ana bin layi, kuma wanda ya zo daga baya ba a yi masa dariya.

Allah ya sa albarka a cikin aikinmu, ya shirya mana ɗalibanmu da 'ya'yanmu, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai mu zango mai zuwa cikin ƙoshin lafiya.